Provocateur ɗin Gidanmu

Masu karatu, wata baiwar Allah ta rubuto mini a ƙarƙashin rubutun makon jiya, ta ce wai ta yaya mace mai tarbiyya za ta dinga kiran kawunta da sunan zagi, kuma da Faransanci don kada a gane. Na gode mata da ta damu da tarbiyyata. Shekarata arba'in da biyu, kuma ita ce ta farko a cikin shekaru masu yawa da ta yi zaton akwai sauran gyara. Amma tambayarta tana kan hanya, don haka yau zan faɗi inda sunan ya fito, da ranar da ya yi mini rana.

Sunan shi ne provocateur. Haka mutanen Nijar da ke yankin Washington suke kiran ƙanen mahaifiyata, Tonton Hamani, wato Kawu Hamani, direban tasi, a bayan idonsa. Tsofaffin matan da harshensu bai juya ba su ce Furobokate. Ina ɗaliba a jami'ar College Park na taɓa zama a laburare na bi kalmar har gidansu, domin na fi son bin kalmomi a kan karatun haɗa magani da aka tura ni in yi. Faransawa sun gaje ta daga Latin, harshen Rumawan dā, inda provocare yake nufin ka kira abu ya fito gaba, ko ka kira mutum ya fito fili a kara. Daga baya, a ƙarni na sha tara, suka liƙa ta ga mutumin da hukuma take cusawa cikin taron masu adawa, ya fi kowa ɗaga murya, ya zuga su har su aikata abin da za a kama su da shi. A Hausa muna da ɗan tsokana, muna da mai zuga, muna da mai tada zaune tsaye. A lokacin na ɗauka duk abu ɗaya ne, kuma duk sun dace da Tonton, mutumin da zai shiga gidan suna ya tambayi mai jego ko ta tabbata ba a musanya mata jariri a asibiti ba.

Kafin mu kai gare shi, sai kun san gidanmu.

Ni 'yar fari ce. Babana Bakano ne, injiniya, yana iya tsayawa gaban Turawa ɗari biyu ya yi musu bayanin gada, amma bai taɓa buɗe baki ya ce "Rumasa'u" ba. "Ke" yake ce mini, in kuma magana ta kama a kaina ya ce "ita wannan". Ranar da muka sauka Amurka, ina da shekara sha biyu, jami'in filin jirgi ya tambaye shi sunana, sai ya nuna masa fasfo da yatsa. Ranar da na karɓi digiri ya tafa wa 'ya'yan kowa, da aka kira ni ya cire tabarau yana gogewa. Mama kuwa, 'yar Dogondutsi, ta fi shi. Ita da tukunya take magana. Idan tana son in ji wani abu sai ta jira na shigo kicin, ta buɗe murfi ta ce, "An ce a gaya wa wasu mutane su rage dawowa a makare." Ni kuma in ce wa firij, "An ji."

Kunyar ɗan fari ke nan. Mun bar tabarmi a Kano, mun bar turmi, amma ita mun tsallako da ita teku ba ta ko jiƙe ba, ta zauna daram a gidanmu mai hawa uku na unguwar Largo, tsakanin gidan Malama Edna mai karnuka biyu da gidan wani Bafilifine.

A shekarar 2006 ina da ashirin da tara, ina aiki a sashen magani na wani asibiti, kuma mutum biyu suna zuwa gidanmu.

Na farko Dokta Nasir, likitan zuciya. Kada ku jira in ce yana da mata a ɓoye ko yana shaye-shaye. Laifinsa ɗaya ne: ba shi da laifi. Yana durƙusawa har ƙasa ya gaida Mama, shaddarsa ba ta yamutsewa ko a mota, saƙonsa na waya kullum da sallama da waƙafi. Idan na gan shi sai in ji kamar na shiga ɗakin da aka gama gyarawa, in rasa inda zan ajiye jakata.

Na biyu Ikrama, ɗan Funtuwa, mai karatun digiri na uku a kan ƙasar noma. Ya fara zuwa ne cikin ɗaliban da Baba yake ciyarwa ranar Lahadi. Sauran suka ƙoshi suka watse, shi ya leƙa ta bayan gidanmu ya ga ɗan filin da bai fi tabarma huɗu ba, ya durƙusa ya damƙi ƙasar ya shinshina. Kafin kaka mun ci kuɓewa da yakuwa da tumatir daga bayan gidanmu. Shekara biyu yana zuwa. Shekara biyu yana aiko mini da saƙo a 'yar wayata mai murfi, kuma ga irinsu, don har yau suna nan a rubuce a wani littafi:

"Tumatir ya fara nuna."

"Kada a tsinki yakuwa sai Juma'a."

"Na ga kin ɗaure kuɓewar da ta kwanta. An ɗaure da kyau."

Wannan na ƙarshen na karanta shi ya fi sau talatin. Ku yi dariya, ni ma yanzu ina yi.

Bai taɓa cewa komai ba, ni ma ban ce ba. Shi yana ganin motar Dokta a ƙofar gida ya dubi kekensa. Ni kuma ina da digiri da girman kai, kuma a gidan da na tashi ba a faɗin abu kai tsaye sai dai in gobara ce.

A farkon watan Agusta abu biyu suka faɗo a mako ɗaya. Ran Talata wayata ta yi ƙara ina tsakiyar aiki: "Na samu aiki a jihar Nebraska. Ran ashirin zan tafi. A dinga ba kuɓewa ruwa da safe, ba da rana ba." Na rubuta amsa ta fi goma ina gogewa, daga ƙarshe na tura, "Allah ya sa alheri." Ran Alhamis na shiga kicin, Mama ta buɗe tukunya ta ce, "Mutanen likita sun turo. Mai gidan ya ce ran Litinin zai ba su amsa. In akwai mai magana, ya yi."

Na buɗe firij na tsaya ina kallon kwalbar yaji. Na san abin da shiru yake nufi a gidanmu: amincewa. Na san in Litinin ta yi ban ce komai ba, zan zama matar mutumin kirki har ƙarshen rayuwata, in dinga shayar da kuɓewar wani da safe. Duk na sani. Na ce wa firij, "An ji."

Ran Lahadi aka yi wa Ikrama walimar bankwana bayan azahar. Mama ta yi tuwon shinkafa da miyar kuɓewa ɗanya daga lambun, ta yi dambu da zogale irin na garinsu, ga zoɓo a tulun gilashi. Ta gayyaci Dokta Nasir, saboda Mama tana ganin ɓarna ce a dafa abinci mai kyau likita bai ci ba. Na sa atamfa ruwan ganye da na ɗinka tun Ƙaramar Sallah, na yafa mayafi ruwan madara, na tsaya a bakin murhu ina zuba miya. Gidajen nan ba su san zaure ba, falo da kicin a haɗe suke, don haka duk abin da maza suka ce a kunnena yake.

Tonton ya iso a makare, ya ajiye tasinsa a wurin motar Malama Edna kamar kullum, ya shigo da hularsa a karkace.

"Salamu alaikum, mutanen Najeriya! Har yanzu ba ku iya dambu ba sai kun auro ɗiyan Nijar?"

Baba ya ce, "Zauna, Hamani, abinci yana hucewa."

Ya zauna. Ya fara da Dokta, ya yabe shi har ya kusa sa shi kuka: hannunsa, agogonsa, zukatan da ya ɗinke. Sannan ya juya.

"Kai kuma, mai lambu. Mi anka ce kana karantawa?"

"Ƙasar noma, Tonton."

"Shekara nawa?"

"Shida."

"Shekara shidda! Kakata ba ta taka lakwal ba, ba ta san boko ba, amma in ta lasa ƙasa za ta gaya maka ko gero za ya yi ko wake."

Ikrama ya yi murmushi. "Ni ma ina lasawa, Tonton. Sai dai ni sai na rubuta."

Aka yi dariya. Na ɗauka an gama. Tonton ya ɗaga loma, miya tana zarya tsakanin hannunsa da kwano, ya dube ta kamar ya ga gashi a ciki.

"Wagga kuɓewa ta tsufa. Duk zare. Bon. Shekara biyu kana cin tuwon gidan mutane, abin da ka kawo ke nan? Wani ya kawo zuciya, kai ka kawo yauƙi."

Mama ta ce, "Hamani."

"Gaskiya nika faɗi, Yaya. Gara da za shi Nebraska. An ce shanu sun fi mutane yawa can, ba za ya rasa abokin hira ba."

Ba wanda ya yi dariya. Dokta ya sunkuyar da kai. Baba yana cin tuwonsa a natse kamar a wani gida ake maganar, abin da ya fi komai ƙona mini rai. Ikrama ya ajiye cokali a hankali, ya goge hannu. Na ga bakin farcensa da ƙasa, duk da na san ya wanke.

"Gaskiya ne, Tonton," in ji shi. "Na daɗe ina damun gidan nan. Baba, Mama, Allah ya saka da alheri. Bari in kama hanya."

Ya yunƙura zai tashi. Ni kuwa ina tsaye da ludayi, ina ce wa kaina, ba ruwanki, Rumasa'u, ke 'yar fari ce, 'yan fari ba su da baki.

Sai Tonton ya ƙara, ba tare da ya dube ni ba: "Tafi abinka, yaro. Ɗiyarmu ta likita ce, an gama. Ita da bakinta ta ce mini ko sunanka ba ta riƙe ba. Mai ban ruwa take ce maka."

"Ƙarya ne!"

Masu karatu, ni ce. Ni na ce wa kawuna, ƙanen uwata, yana ƙarya, a gaban ubana, da ludayi a hannu, miya tana ɗiga a kan atamfata. Kuma da bakin ya buɗe bai rufu ba.

"Ban taɓa faɗa ba! Sunansa Ikrama Auwalu, kuma kuɓewar nan ba ta tsufa ba, ni na tsinke ta da safe! Shekara biyu yana durƙuso a bayan gidan nan, wa ya taɓa ce masa sannu? Ni shi nake so. In Nebraska ce, Nebraska. In shanu ne, shanu. A gaya wa mai ba da amsa ran Litinin, amsar ke nan!"

Ko a cikin haukan ban iya ce wa Baba "kai" ba. Tarbiyya ba ƙarya ba ce, a gaya wa baiwar Allahn nan.

Har karnukan Malama Edna ina ji ta bango. Ikrama ya tsaya rabi a tsaye rabi a zaune, baki buɗe. Baba ya cire tabarau ya fara gogewa. Mama ta ɗauki murfi ta rufe tukunya, ta ce mata, "An ji." Dokta Nasir ya miƙe, ya gyara shaddar da ba ta yamutse ba, ya ce, "Allah ya sanya alheri, ya sa haka ne mafi alheri gare mu duka." Ko a nan bai yi laifi ba, bawan Allah. Yanzu yana da 'ya'ya huɗu da wata mace da ta san inda ake ajiye jaka.

Na yar da ludayi na fita da gudu.

Na kama hanyar tashar jirgin ƙasa ta Largo, ban san inda za ni ba. Rana tana dukan kwalta, sai a lokacin na lura ba takalmi a ƙafata. Ban yi nisa ba na ji mota tana bina a hankali.

"Madam, tasi?"

"Ka rabu da ni, Tonton."

"Ƙafarki za ta gasu, a ce ni na jawo. Laifina na yau ya ishe ni. Shiga."

Na shiga baya na buga ƙofa. Motar tana ƙanshin turaren wuta da goro. Ya ja muka bi titi ba inda muka nufa.

Na ce, "Gaskiyarsu da suke ce maka provocateur."

Ban taɓa faɗa a gabansa ba, ban kuma taɓa jin wanda ya faɗa ba. Na ga idonsa a madubi. Dariyar da ba ta rabuwa da fuskarsa ta tafi.

"Kin san mi take nufi?"

"Na sani. Ɗan tsokana."

"A'a. Kin yi lakwal amma ba ki gama ba. Ɗan tsokana don kanshi yake yi, ya ji daɗi. Provocateur aiko shi aka yi." Ya tsaya a jar wuta. "Kin san inda na samo sunan? Ba nan ba. Yamai, a jami'a, ke kina ƙarama. Munka yi taron ɗalibai, ni na fi kowa baki, kin san ni. Na hau tebur na ce a fita titi. Anka fita. Ni ko a daren zazzaɓi ya kada ni, washegari ina kwance asibiti. Anka kama abokaina bakwai, ni ba a taɓa ni ba. Mi za ki ce in ke ce?"

Ya dube ni a madubi, ya amsa da kansa.

"Sunka ce hukuma ta aiko ni. Sunka rubuta a ƙofar ɗakina da alli. Wanda muke cin kwano ɗaya da shi ya tofa mini yawu. Ban gama karatun ba, na bar ƙasar. Sunan ya riga ni isowa Washington, ya samu ɗaki kafin ni." Wuta ta ba da hannu, ya ja. "Wallahi, ɗiyata, ba wanda ya aike ni. Shekara ashirin da uku ina ɗauke da sunan aikin da ban yi ba. Na ce tunda sun ba ni riga, bari in sa ta in dinga ba su dariya. Yau ce rana ta farko da na yi aikin da gaske."

Sai da muka wuce gidaje biyar maganar ta shige ni.

"Aiko ka aka yi?"

"Voilà."

"Mama?"

"Yaya? Yaya da likita take so? Da ta sani da ta zuba mini barkono a zoɓo."

Wayarsa ta yi ƙara a kan kujerar gaba. Ya miƙo mini ta baya. "Karanta mini, ina tuƙi. Ni mai bin doka ne."

Na buɗe murfin. Sunan da ke sama "Injiniya". Saƙon ya ce:

"Na gode, Hamani. Amma ka wuce abin da muka shirya, ban ce ka taɓa kuɓewar yaron ba. Ka dawo da ita. Ta fita ba takalmi, kwalta da zafi."

Na karanta sau biyu. A na uku ban ga rubutun ba.

Tonton ya ce, "Ran Juma'a bayan masallaci ya kira ni gefe. Ya ce, Hamani, shekara biyu ina ganinta ta taga tana ɗaure kuɓewa, yarinyar da ko furen roba ba ta iya riƙewa. Ni ba zan iya tambayarta ba, ita ba za ta faɗa ba, kuma ba zan ba da ita a kan shiru ba. Kai kana da baki, ka kira mini abin da ke cikinta ya fito. Na ce, Injiniya, za ta zage ni. Ya ce, kai ka saba."

Ko a saƙon bai rubuta sunana ba. "Ita." An rubuto mini wasiƙun so a rayuwata, biyu ko uku, har da mai waƙa a ciki, amma babu wadda ta kai wannan ta takalmi.

Tonton Hamani ya rasu bara a Dogondutsi, Allah ya jiƙansa. Na nemi gafararsa a kan "ƙarya ne", ya ce ai ƙaryar ce, kuma ita ce mafi kyau da ya taɓa yi. Amma ban taɓa ce masa na gode ba. Kun ga zuriyar da na fito, mu sai an sa mana wuta. To ga shi na faɗa a nan, inda mutum dubu za su gani: na gode, Tonton. Kuma duk wanda ya rubuta sunan nan da alli a Yamai, in yana raye yana karatu, ya sani bai yi daidai ba sai bayan shekara ashirin da uku, kuma a wani gida.

Ina riƙe da wayar ina share hanci da mayafi ruwan madara, ta sake ƙara. Injiniya ne.

"Shi yaron na hana shi tafiya. Yana nan zaune. Na tambaye shi ko yana da magana, ya ce a dinga ba tumatir taki."

Na karanta wa Tonton da ƙarfi. Ya dube ni a madubi, dariyar ta dawo fuskarsa gaba ɗaya. Ya tura hularsa ta ƙara karkacewa, ya juya tasin a tsakiyar titi, inda doka ta hana.

"Bon," in ji shi. "Ke kin fito. Saura mai kuɓewa."